Yadda Aka Gina Gidan Wasa Da Tubali A Samaru

Tun zamanin kakanni Hausawa suna da wasanni iri iri, amma ba su saba keɓe wani gini domin wasa kaɗai ba. Kowane wasa da filinsa da lokacinsa. Samari da 'yan mata sukan taru a dandali da dare in farin wata ya fito. 'Yan dambe da 'yan kokawa sukan kafa fage da kaka, bayan an kawar da amfanin gona. 'Yan tashe sukan bi gida gida cikin watan azumi, wasan gauta kuwa a cikin gidan sarki a ke yinsa. Makaɗan sarauta su kuma ƙofar fada ita ce filinsu.

Ƙasar Zamfara ta yi suna wajen irin waɗannan abubuwa. A ƙauyen Tubali, cikin ƙasar Shinkafi, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, wanda har yau a ke sauraron waƙoƙinsa ko'ina a ƙasar Hausa. Shi da 'yan amshinsa, da kotsonsu, ba su taɓa bukatar wani ɗaki na musamman ba. Inda sarki ya zauna, ko inda jama'a ta taru, nan ne wurin aikinsu.

Wanda ya lura da waɗannan wurare zai ga fasalinsu ɗaya ne. 'Yan kallo sukan kewaye mai wasa, na gaba su zauna, na baya su tsaya, yara su hau katanga. Mai wasa yana ganin fuskokin mutane, su kuma suna ganin juna. In abu ya yi daɗi a yi guɗa, wani ya shiga fili ya yi kyauta, wani ya jefa magana a mayar masa. In jama'a ta ƙaru fili ya faɗaɗa, in ta ragu ya tsuke. Wannan shi ne tsarin da wani gini a Samaru ta Zariya ya yi ƙoƙarin kamawa cikin shekarar 1976.

Wasan makaranta da ɗakin Turawa

Da aka kafa makarantun boko sai wani sabon wasa ya shigo, watau wasan kwaikwayo wanda a ke rubutawa, a hardace, sa'an nan a nuna. Malam Abubakar Tunau, mutumin Talatar Mafara, ya rubuta Wasan Marafa, aka buga shi cikin 1949. Daga baya Malam Shu'aibu Maƙarfi ya yi wasanninsa waɗanda aka riƙa ji a rediyo, aka kuma mai da su littattafai.

Wannan sabon wasa ya zo da ɗakinsa. Dogon ɗaki ne, da dakali a ƙarshensa, da labule a gaban dakalin. 'Yan kallo su jeru a kan benci, kowa yana duban ƙeyar na gabansa, su yi shiru har a gama. Masu wasa suna can sama kamar hoto a jikin bango. A Ingila wannan tsari yana da dalili, domin sanyi da ruwa ba su barin mutane su zauna a waje, wasanninsu kuma an rubuta su ne saboda irin wannan ɗaki. A nan kuwa sai ya raba mai wasa da jama'arsa.

Kayan ginin ma baƙi ne. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta kai Kano cikin 1911, ta kuma kai Ƙauran Namoda cikin 1929, jirgin da ya kwashi gyaɗa da auduga zuwa bakin teku yakan komo da kwano da siminti. Sannu a hankali mutane suka ɗauka cewa ginin kwano shi ne na mai hali, ginin ƙasa kuwa na wanda bai samu ba.

Makarantar zanen gini

Cikin 1952 aka fara koyar da zanen gini a wata babbar kwaleji a Badun, cikin 1955 aka kawo wannan sashe Zariya. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga watan Oktoba, 1962, sai sashen ya shiga cikinta. Shi ne mafi daɗewa cikin makarantun zanen gini na Nijeriya.

Yadda a ke koyon wannan sana'a abin lura ne. Malami yakan ba ɗalibai aiki guda, ya ce su tsara asibiti, ko kasuwa, ko gidan wasa. Kowa ya je ya duba filin, ya auna shi, ya lura da inda rana ke fitowa da inda iska ke bugowa, sa'an nan ya zana taswira, ya haɗa ɗan ƙaramin samfurin ginin da kwali. Ran da aka sa, sai a manna taswirorin a bango, ɗalibi ya tsaya ya yi bayani, malamai da 'yan'uwansa su yi ta tambaya. Wani ya ce ƙofar nan ta yi ƙanƙanta in gobara ta tashi. Wani ya ce mutumin da ke zaune bayan wannan ginshiƙi ba zai ga kome ba. Wani ya tambayi inda ruwan sama zai bi. Ɗalibi ya koma ya sake zane, ya sake kawowa, har abin ya daidaita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka kuma ido ɗaya ba ya ganin dukan aibin taswira.

Amma a farkon zamanin yawancin malamai da littattafai daga Turai su ke, misalan da a ke koyo da su kuma na can ne. Alhali kuwa 'yan mil kaɗan daga Samaru, a cikin birnin Zariya, akwai Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya tayar da bakan gizo masu tsawo, ya ɗora tulluwa a kansu, har masana gini na ƙasashen waje suka riƙa zuwa suna aunawa. Ɗaya daga cikinsu, Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya sa an gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihi na Jos. Cikin shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin na Zariya da sabon gini na siminti.

Su ma maginan Hausa suna da tasu hanyar gyara tsari, ko da ya ke ba su riƙe fensir. Magini yakan shata ɗaki a ƙasa da ƙafarsa. Mai gida ya shiga cikin shatar ya tsaya, ya dudduba, ya ce a ƙara nan, a mai da ƙofa can. A share a sake shatawa, har kowa ya yarda, sa'an nan a haƙa tushe. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da cilla tubali ga maigidansa a kan bango, ya yi shekaru kafin a bar shi ya ɗaura azara. A bisa dukansu akwai Sarkin Magina, mai raba aiki da sasanta rigima.

Baƙi biyu a Samaru

Steven Ehrlich mutumin Amurka ne, an haife shi cikin 1946. Da ya gama karatun zanen gini cikin 1969 sai ya tafi Maroko, ya yi aiki a birnin Marrakesh. Ya yi yawo cikin Sahara da Afirka ta Yamma yana duban yadda mutane ke gini da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Cikin 1974 ya zo Zariya ya zama malamin ɗaliban zanen gini, ya zauna har 1977.

Michael Etherton kuwa malamin wasan kwaikwayo ne. Kafin ya zo Nijeriya ya koyar a Jami'ar Zambiya, inda shi da ɗalibansa suka share daji kusa da birnin Lusaka, suka gina filin wasa marar rufi da hannunsu. Suka sa masa suna Chikwakwa, watau lauje mai dogon hannu na sheme ciyawa, saboda da shi suka share wurin. Cikin 1975 ya zo Samaru domin a kafa karatun wasan kwaikwayo, a ƙarƙashin sashen Turanci. Ya tarar da ɗalibai, amma babu ɗakin da ya dace da irin wasan da ya ke so su koya.

Mutanen nan biyu suka haɗa kai. Ɗaya ya san abin da mai wasa ke bukata, ɗaya ya san abin da bango da rufi za su iya. Na ukunsu kuwa su ne maginan ƙasar, waɗanda in ba su, taswira ba ta tashi daga takarda.

Tambayoyin da ginin ya amsa

Duk mai tsara gidan wasa sai ya warware waɗansu al'amura, kuma sau da yawa gyaran ɗaya yakan ɓata ɗaya.

Na fari shi ne gani. In nisa ya wuce wajen yadi 20, ido ba ya rarrabe motsin fuskar mutum sosai. A dogon ɗaki na baya sun yi nisa ƙwarai. In kuwa aka kewaye mai wasa, jama'a mai yawa za ta samu wuri ba tare da kowa ya yi nisa ba. Amma fa sa'an nan dole mai wasa ya ba waɗansu baya, saboda haka sai ya koyi juyawa da zagayawa, kamar yadda ɗan kama ke yi a kasuwa.

Na biyu shi ne ji. Bangon siminti mai santsi yakan mai da murya ta yi amsa-kuwwa, rufin kwano kuwa in ruwa ya sauko ba mai jin maganar wani. Bangon ƙasa mai kauri yana tare hayaniyar waje, fuskarsa kuma ba ta da santsin da za ta riƙa mai da sauti da ƙarfi. In fili ba shi da rufi, dole katanga ta matso kusa don kada murya ta watse.

Na uku shi ne zafi. Katangar ƙasa takan sha zafin rana a hankali, ta sake shi a hankali, jinka kuma tana barin iska ta ratsa. Abin da a ke sayen na'ura mai cin wutar lantarki a yi a babban ɗakin siminti, ginin ƙasa yakan yi mafi yawansa a kyauta.

Na huɗu shi ne wurin shiga da fita, da wurin sake tufafi, da wurin ajiye kaya. Na biyar kuwa kuɗi, domin sabon sashe ne, ba mai ba shi dukiya mai yawa.

Amsar da aka samu tana cikin gidan Bahaushe. Aka tsara wurin kamar gida mai tsakar gida. Aka yi manyan ɗakuna huɗu masu zagaye, irin kago, da rufin jinka, suna fuskantar fili a tsakiya, aka haɗa su da katangar ƙasa. Aka yi wa bango ado da zanen da magina ke fitarwa da hannu tun yaɓe yana ɗanye, irin wanda a ke gani a fuskar zaurukan birnin Zariya.

Hikimar tsarin ita ce ba a ƙayyade inda mai wasa zai tsaya da inda ɗan kallo zai zauna ba. Yau a yi wasa a tsakiya, jama'a ta kewaye kamar dandali. Gobe a mai da ɗaki ɗaya ya zama dakali, jama'a ta fuskance shi kamar ɗakin Turawa. Jibi a raba wasan, wannan ɗaki ya zama fada, wancan ya zama kasuwa, 'yan kallo su riƙa juyawa suna bin labari. Saboda haka duk ƙungiyar ɗaliban da za ta nuna wasa sai ta zauna ta yi shawara, ta gwada wannan zama, ta gwada wancan, kafin ta tsai da ɗaya. Aikin tsara wurin bai ƙare ran da magina suka sauka daga bango ba, ɗalibai ne suka gaje shi.

Aikin magina

Mai karatu da ya taɓa gina ɗaki ya san wannan aiki. Da rani a ke yinsa. A haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake jiƙawa a tattake. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana har ya bushe. Magini ya jera su tsini yana sama, ya cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya bar sahu ya sha iska kafin ya ɗora wani. Bango yakan yi kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa, don ya ɗauki nauyin kansa.

Inda a ke son rufin soro, azara a ke sawa, watau tsagin giginya, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce wajen ƙafa 6, shi ya sa magina suka ƙago dabarar tayar da baka, suna ɗaura azara bisa azara daga bango biyu har su haɗu a tsakiya. Inda a ke son jinka kuwa sai a ɗaura tsaiko, a baibaye da shuci. Don kare bango daga ruwa akan shafe shi da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Ko'ina cikin wannan babu abin da sai an yi odarsa daga ƙetare, kuɗin aikin kuma a hannun mutanen ƙasar ya ke tsayawa.

Gidaje biyu cikin shekara ɗaya

Cikin wannan shekara ta 1976 aka gama wani gidan wasa a Iganmu ta Ikko, watau Legas, domin babban bikin al'adun baƙar fata na duniya wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977. Wani kamfanin Bulgeriya ya gina shi, ya kwaikwayi wani gini da ke birnin Varna na ƙasarsu. Babban ɗakinsa an yi shi don mutum 5,000. Da Hausa dukansu biyu ana iya ce musu gidan wasa na ƙasa, ɗaya domin na ƙasar Nijeriya ne duka, ɗaya domin da ƙasa aka gina shi. Na Ikko ya karɓi baƙi daga nahiyoyi, kuma ba a musun amfaninsa. Sai dai riƙonsa ya zama nauyi, ya yi shekaru yana lalacewa kafin a tara kuɗi masu yawa a gyara shi. Na Samaru ƙarami ne, gyaransa kuma bai fi ƙarfin magini da mai baibaya ba.

Abin da ya fito daga gidan

Ɗalibin da ya saba wasa a tsakar gida ba ya jin tsoron dandalin ƙauye. Cikin 1977 malamai da ɗaliban Samaru suka tafi ƙasar Soba da Wasan Manoma, lokacin da gwamnati ke kiran jama'a su koma gona don ciyar da ƙasa. Cikin 1979 suka yi Wasan Maska, cikin 1980 suka yi na Bomo. Cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki akwai Brian Crow, da Salihu Bappa, da Oga Steve Abah.

Hanyarsu ita ce su zauna da mutanen gari su ji abin da ke damunsu, ko takin zamani da ba ya isa hannun talaka, ko rijiya, ko rikicin gona. Su ƙulla labari ba tare da rubutu ba, su nuna da Hausa a fili, sa'an nan a tattauna. Da fari ɗalibai ne ke wasan, manoma suna kallo. Da aka ga manoma sun fi su sanin inda labarin ya karkace, sai aka riƙa barinsu su gyara, har su shiga fili da kansu. Wannan ita ce hanyar nan ta magini da mai gida, a shata, a share, a sake shatawa. Daga baya irin wannan wasa na wayar da kai ya bazu cikin Nijeriya, sunan Zariya kuma ya fita a kansa har ƙasashen waje. Etherton ya rubuta littafi kan wasan kwaikwayon Afirka, aka buga cikin 1982. Ehrlich ya koma Amurka ya buɗe ofishinsa a Kalifoniya cikin 1979, ya yi suna, yana kuma yawan sa tsakar gida cikin gine-ginensa.

Abin da ya rage ga na baya

Ginin ƙasa yana da nasa aibi, ɓoye shi kuwa ba gaskiya ba ne. Ruwa abokin gabansa ne, sai an duba yaɓe da indararo kowace shekara kafin damina. Jinka tana tsufa, tana kuma tsoron wuta. Fili marar rufi ba ya wasuwa in hadari ya taso. Giginya ta yi ƙaranci a wurare da yawa, 'ya'yan magina kuma da dama sun koma aikin bulo. Gini irin wannan yana rayuwa ne muddin akwai masu kula da shi.

Duk da haka an ga shaida a wani wuri cewa sana'ar tana da daraja. A garin Yama, cikin ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa cikin 1962, mutanen gari suna taya shi da ruwa da tubali. Cikin 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda a ke ba fitattun gine-gine na ƙasashen Musulmi.

A Ƙauran Namoda an kafa babbar makarantar koyon sana'a ta gwamnatin tarayya cikin 1983, ana kuma koyar da fannonin gini a cikinta. Ɗalibanta da dama sun tashi ne a garuruwa irin su Zurmi da Moriki da Shinkafi, sun san dandali tun suna goye. Shekarun rashin zaman lafiya sun taɓa wannan yanki ƙwarai, har cikin 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, taron dare kuwa ya yi wuya a ƙauyuka da yawa. Ran da hankali ya kwanta, garuruwan nan za su so wurin da jama'a za ta taru ta ji kiɗa, ta ga wasa, ta yi shawara. Wanda aka ba aikin tsara wannan wuri zai yi kyau ya je Samaru ya gani, ya zauna da tsofaffin maginan garinsu tun suna da rai, ya tambayi makaɗa da masu wasa inda su ke son tsayawa, sa'an nan ya manna taswirarsa a bango ya bar 'yan'uwansa su faɗi aibinta.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya sa albarka ga masu sana'a da masu koyonta, amin.